Suna Ɗaya a Zagaye na Arba'in

Duk wanda ya taso a nan Delta, yankin audugar nan da ke tsakanin Memphis da Jackson, in dai ya taɓa riƙe sandar besbol, ya san Cleophus Rainey. In bai san ni ba ubansa ya san ni, wataƙila ma ni na mayar da uban nasa kan benci da jifa uku da ya kasa bugawa. Ban yi makaranta ba, gonar auduga ce ta rene ni, amma ba a yi wanda ya kai ni sanin hannun yaro ba. Injin gurzar auduga ya cinye mini rabin yatsa ina saurayi, na koma fili da guntun, sai ma ƙwallon ta ƙara lanƙwasa. Guguwar da ta share garin Inverness ta ɗauke ni da katifata ta ajiye a gonar wani, na tashi na kakkaɓe wandona. Tarakta ta kife da ni a tafkin tarwada, na fito da ƙafata. Na jero waɗannan ne don a san ba ƙaramin abu ke razana ni ba. To ran Larabar nan na razana.

Ita ce rana ta uku ta zaɓen 'yan wasa, lokacin da manyan kulob-kulob ke raba yaran ƙasar nan tsakaninsu, bi da bi, har zagaye arba'in. Ranar farko ta 'yan gata ce, masu kwat da talabijin. Ta uku ita ce tamu. Ba hoto, ba tafi, murya ce kawai a kwamfuta tana karanto sunaye kamar mai kiran marasa lafiya a asibiti. In aka rufe na arba'in ba a ambace ka ba, kuma ka riga ka gama kwaleji, to ka rataye safar hannunka ta wasa, ba mai sake waiwayarka.

Jikana Lavon Rainey ya gama kwaleji a wannan shekarar. Mai jifa ne, kamar ni. Ni na sa masa ƙwallo a hannu tun bai iya ɗaura takalmi ba. Kafaɗarsa ta ɗan yi masa gardama a ƙarshen hunturu, likita ya ce kaza da kaza, amma ni na je wasanninsa na zauna bayan raga na saurara. Idona ya yi rauni, ban ɓoye ba, sai dai ni dama ba da ido nake auna jifa ba. Ƙarar da ƙwallo ke yi in ta faɗa safar mai cafka ita ke gaya mini komai. Ta Lavon kuwa tau take, kamar bindiga. Saboda haka na miƙe a coci ran Lahadi na ce kowa ya zo gidana ran Laraba cin kifi, za a kira sunan Rainey a ji a ƙasa duka.

Ba da ka na yi maganar ba. Akwai Mista Harlan Pettibone, wani farar fata da ke yawo a mota yana nemo wa kulob ɗinsa yara. Shekara da shekaru ni ne idonsa a wannan yanki. Yara uku na nuna masa a baya, ukun duka an ɗauke su. Bana na ba shi suna biyu: Lavon, da Quentin Mabry, wanda ke cafke wa Lavon jifa tun suna 'yan mitsi-mitsi a farfajiyata har suka gama kwaleji tare. Quentin na saka shi ne don kakansa, Purvis, wanda shi ma ya yi mini cafka a zamaninmu. Yaron kirki ne, gajere, mai kauri, ba ya magana. Ban ce ba shi da kyau ba. Amma bikin na Lavon ne.

Tun hantsi na hura wuta. Na tsoma tarwada a garin masara, 'yata Vernita, uwar Lavon, ta jera gurasar masara da shayi mai ƙanƙara, ta ajiye kwamfuta a baranda ta haɗa ta da lasifikar coci. Na sa hulata ta kulob, shuɗiyar nan da kowa ya san wani babban mai neman 'yan wasa ya sa mini ita a ka da hannunsa ina ɗan shekara goma sha tara. Mutane suka cika farfajiya.

Purvis ya iso yana jan ƙafa, Quentin na riƙe masa da kujera.

"Kai tsoho," in ji shi, "kifin nan naka ne ko na bashi?"

"Zauna ka ci, marar haƙora. Na cire maka ƙaya."

"Ni labari na zo ji. An ce ka yi wa fasto wa'azi a cocinsa."

"Gaskiya na faɗa. Kafin zagaye na ashirin za ka ji."

"In ba a ji ba fa?"

"In ba a ji ba, ka ce ba ni ba ne Cleophus."

Ya yi dariya, ya ɗaga yatsunsa karkatattu, duk ni na karkatar da su da jifa. "Jama'a ku shaida. Yau za mu yi wa mutumin nan sabon suna."

Lavon na zaune a matakalar baranda da wayarsa a cinya. Ya yi aski, ya sa farar riga. Sai juya wayar yake, ya kifa ta, ya buɗe ta. Quentin kuwa ya tare a gefen kular ƙanƙara, hannunsa na hagu a ciki, wai yana lalubo wa mutane lemo.

Aka fara. Muryar ta ce kulob kaza ya ɗauki wane, mai jifa da dama, daga jami'a kaza. Kafin ka haɗiye yawu an wuce na gaba. Kulob ɗin Pettibone yana can kusa da ƙarshen kowane zagaye, to duk lokacin da aka doso su sai farfajiyar ta yi tsit, har mai ya ji kunyar tafasa. Sai a kira wani yaro daga California. Sai kowa ya sauke numfashi, a koma cin kifi.

Zagaye na ashirin ya zo ya wuce. Purvis ya buɗe baki, na ce masa ya kula da ƙaya.

A na ashirin da uku wayar Lavon ta yi ƙara. Ya zabura har ya kifar da shayi a farar rigarsa. Mata suka fara "Na gode Yesu." Ashe wata gwaggonsa ce daga Memphis, tana tambaya ko an kira. Ya ce mata a'a, ya kashe, bai ɗago kai ba.

"Baba," Vernita ta matso kusa da kaskona ta yi ƙasa da murya, "me mutumin nan ya ce maka takamaimai?"

"Ya ce ya gani."

"Ya ce zai ɗauke shi?"

"Ke, ba a yin magana haka a wannan sana'a. Ya ce ya gani."

"A kan ya gani ka tara mini gari?"

"Juya kifin can, zai ƙone."

Ta dube ni irin kallon da uwarta ke yi mini, ta juya kifin.

Daga nan na fara ƙirga abin da kulob ɗin ke ɗauka, domin ta haka ake bin su. Mai jifa, mai jifa, ɗan tsakiyar fili, mai jifa kuma. Kowane mai jifa da suka ɗauka, kujera ɗaya ce ta ragu a motar da Lavon zai shiga. A na ashirin da takwas suka ɗauki wani mai jifa da hagu daga wata makarantar da ko sunanta ban taɓa ji ba. Na ce da ƙarfi, "Wannan ɗan wani ne." Ba wanda ya yi dariya.

Rana ta karkata. Mutane suka fara tuna suna da aiki a gida. Wannan ya ce zai ɗauko yara, waccan ta ce ta bar wake a wuta. Kowa sai ya dafa kafaɗar Lavon in zai wuce, kafaɗar dama kuwa, shi kuma ya yi murmushin dole. Har Purvis ya daina tsokana, kuma shirun Purvis ya fi zaginsa ciwo. Na lura shi ma ƙirga yake da leɓɓansa. Ashe ba ni kaɗai ke da jika a farfajiyar ba. Na manta da haka tun safe.

Ana cikin zagaye na talatin da takwas wayar aljihuna ta yi rawa. Tawa, ba ta Lavon ba. Duk idon da ya rage ya dawo kaina. Na ajiye matsami na zaga bayan rumfar tarakta.

"Cleo," in ji Pettibone. Bayansa hayaniya ce, mutane na kiran lambobi. "Ba ni da lokaci, ka saurara. Bana zan ajiye aiki. Shi ya sa suka bar mini zagaye na arba'in, na sa wanda na ga dama. Ni kuma na bar maka. Suna ɗaya."

"Ai ka san sunan."

"Tsaya tukuna. In ka ce Lavon, za a karanta sunansa, duniya ta ji, a aiko masa da hula. Iyakarta ke nan. Likitocinmu sun ga hoton kafaɗar, ba za su ba shi kwantiragi ba. Kara ce kawai zan yi maka, ka san yadda ake yi."

Na sani. Kowa a wannan harka ya san zaɓen kara. A zagayen ƙarshe ake kiran ɗan direban kulob, ko jikan mai share fili, a faranta wa tsoho rai, ba wanda zai taɓa ganin yaron cikin riga.

"Kafaɗar yaron nan lafiya lau take," na ce. "Na ji da kunnena."

"Ni kuma na auna da na'ura, Cleo. Gudun jifansa ya ragu sosai." Sannan ya ce, "In kuwa ka ce ɗan Mabry, wata magana ce. Mun kwaso masu jifa cike da mota, ba mu da isassun masu cafke musu a ƙaramin kulob ɗinmu na Florida. Ran Litinin zai tafi, zai sa riga, zai yi wasa. Ban ce zai yi nisa ba. Amma ƙofa ce ta gaske."

"To ka ɗauki biyun."

"Ɗaya aka ba ni. Zan sake kira kafin a rufe na talatin da tara. In ba ka ɗauka ba, zan bayar da ita ga wani." Ya kashe.

Na tsaya ina kallon tayar tarakta. Ni da guguwa ta ɗauka ban yi ihu ba, sai ga shi na dafa bango.

Da na zagayo, Vernita ta tare ni. "Me ya ce?"

Na wuce ta. Na ce, "Lavon, ɗauko ƙwallo. Quentin, sa safarka."

"Yanzu, Kaka?"

"Na ce gobe?"

"Baba, ka haukace ne?" in ji Vernita. "Ana karanta sunaye!"

"A bar su su karanta."

Filin jifan yana nan a gefen gida inda na yi musu shi tun suna yara: guntun katako a binne inda mai jifa ke takawa, da murfin tukunya a can ɗaya ƙarshen. Quentin ya tsuguna bayan murfin. Lavon ya naɗe hannun rigarsa, ya kaɗa kafaɗa, ya jefa ta farko. Tau! Na rufe ido. Ya sake. Tau! Tsuntsaye suka tashi daga kan waya. Na ce a raina, Pettibone da na'urarsa su je su sha ruwa, wannan hannu da ransa.

Amma maganar Pettibone ba ta sake ni ba. Na ɗauki tsohuwar sandar besbol da ke jingine a bango, na taka na tsaya a gefen murfin, inda mai bugu ke tsayawa.

"Kai tsoho, fita daga nan!" Purvis ya yi ihu daga kujerarsa. "Ba mu da kuɗin akwatin gawa!"

"Jefo, Lavon. Da ƙarfinka duka."

"Kaka, zan ji maka ciwo."

"Ubanka ma bai iya ba. Jefo!"

Ya ɗaga ƙafa ya saki. Daga nesa ba na gani, amma daga nan inda nake na gan ta. Na ga ɗinkinta ja yana juyawa. Ta zo ta wuce ni a hankali, ko iskarta ba ta kaɗa mini riga ba. Sannan a bayana, tau, kamar bindiga.

Na ce, "Sake."

Ya sake. Wannan karon na kai mata sanda. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya tuna. Sandar ta same ta, ta yi tsalle ta gangara ta wuce ƙafar Lavon, ta je ta tsaya gindin tukunyar kifi. Na san ni ne Cleophus Rainey, kuma ba kowane tsoho ne zai iya haka ba. Amma shekarata tamanin da ɗoriya. Ba wanda ya tafa.

Na juya kan Quentin. "Cire safar nan."

Ya noƙe.

"Cire, na ce."

Ya zare ta a hankali, yana cije leɓe. Tafin hannunsa ya kumbura ya yi suntum, gindin manuniyarsa ya yi baƙi kamar an daka. Na zura hannu cikin safar. Ba komai a ciki sai fata. Ya farke ta ya cire duk audugar da ke tare hannu, kuma maimakon ya bar ƙwallon ta faɗa ragar safar, sai ya kai mata tafinsa tsirara, ya mare ta a hanya. Haka mataccen jifa ke ƙara kamar mai rai.

"Tun yaushe?"

"Tun Maris, Baba Cleo."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Masu neman 'yan wasa na zama bayan raga. Na ce ko za su ji." Ya dubi ƙasa. "Kai ma a nan kake zama."

Wata uku yaron nan yana fasa hannunsa don abokinsa, har ya yi wa kunnena ƙarya. Kunnena, wanda ba a taɓa yi wa ba. Na dubi Lavon. Bai yi mamaki ba. Ashe ya sani, shi ne ya fi kowa sani, tunda kafaɗar a jikinsa take.

Daga baranda muryar ta ce an shiga zagaye na talatin da tara.

Na ja Lavon gefe, bakin shinge, na gaya masa abin da Pettibone ya ce, ban rage ko kalma ba. Na ɗauka zai ce a ba Quentin. A zuciyata har na fara shirya yadda zan ba da labarin a coci, jikana mai babbar zuciya. Sai ya kama mini hannu.

"Kaka, ka ce ni."

"Ba ka ji ba ne? Ba kwantiragi. Hula ce kawai."

"Na ji. Ni dai a faɗi sunana. Sau ɗaya. Tun ina shekara biyar kake ce mini za a faɗa." Ya ƙara damƙe hannuna. "Ka tara mini mutane, Kaka. Ka dube su. Gobe ni zan bi ta cikinsu."

"Shi fa?"

"Quentin zai samu wata hanya. Yana da ƙarfi."

"Ba wata hanya, ka sani."

Vernita ta riga ta iso bayanmu, ta ji rabin maganar, rabin ya ishe ta. "Baba, ban gane ba. An ba ka zaɓi, kana tunani? Jininka ne fa. Jinin Mama. Wanene zai ɗauke ka zuwa asibiti in ka faɗi, ɗan Mabry?"

"Vernita."

"A'a, ka bar ni! Kai ka sa masa abin nan a kai. Ya ƙi aikin da aka ba shi a Jackson saboda kai. Yau ka samu abu ɗaya da za ka iya ba shi, ka tsaya kana kallon sama?"

Wayar ta yi rawa a aljihuna.

Na bar wayar ta yi ta yi. Na cire hulata, don zufa ta jiƙa ta, na tsaya ina kallonta. Gaskiya ne babban mutum ne ya sa mini ita a ka. Ya zo ya ga na jefa, ya girgiza mini hannu a gaban jama'a, ya ce za a neme ni. Na yi bazara uku ina zuwa tashar jirgi jiran su, ba wanda ya zo. Na tsufa da hular nan, kuma na iya ɗaukarta, don ni wuyana mai ƙarfi ne. Amma na san nauyinta. Duk wanda ya tambaya sai ka ba shi labari, kuma labarin kullum a wuri ɗaya yake tsayawa.

"Kaka, wayar," in ji Lavon. "Don Allah."

Na ɗauka.

"Cleo, saura kulob huɗu a rufe. Wa zan rubuta?"

Na dubi jikana. Ban juya masa baya ba, wannan kam ba wanda zai ce na yi. Ina kallon cikin idonsa na ce, "Harlan, rubuta Quentin Mabry. Mai cafka. Kuma ka gaya musu su saya masa sabuwar safa, tasa ta lalace."

Vernita ta yi wani sauti da ban taɓa jin ta yi ba. Lavon ya saki hannuna. Ya koma matakalar baranda ya zauna inda yake tun safe, ya kifa wayarsa.

Sauran mutanen ba su san me aka yi ba. Sun dai ga fuskokinmu. Zagaye na arba'in ya fara, muryar har ta gaji, tana karantowa kamar mai son ya tafi gida. Kulob bayan kulob. Wasu ma cewa suke sun wuce, ba su da wanda za su ɗauka. Na koma gaban kaskona na tsaya, ko da yake wutar ta mutu. Quentin ya mayar da hannunsa cikin kula. Purvis ya riƙe sandar dogararsa da hannu biyu, ya ɗora haɓa a kai.

Aka zo kan su Pettibone. Muryar ta ce, "Mabry, Quentin. Mai cafka."

Sai da aka kira wasu sunaye biyu kafin wani ya motsa. Quentin ya tsaya da gwangwanin lemo a hannu, ruwa na ɗiga. Sannan wata mata ta yi guɗa, mutane suka yi kansa. Shi kuwa ba su yake kallo ba, Lavon yake nema ta saman kawunansu. Lavon ya tashi, ya ratsa su, ya rungume shi sosai, ya ce masa wani abu a kunne. Daga nan ya fita ta ƙofar shinge ya bi titi a ƙafa. Vernita ta naɗe wayar lasifika, ta ɗauki kwamfutarta, ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba.

Da farfajiyar ta watse, daga ni sai Purvis. Yana ta share ido da waɗannan karkatattun yatsu.

"Hayaƙi ne," in ji shi.

"Wutar ta mutu tun ɗazu."

"To sabon sunan fa? Ka ce in ba a kira Rainey ba, ba kai ba ne Cleophus."

"Ka kira ni duk abin da ka ga dama."

Can ya ce, "Ni na koya masa cire audugar nan, ka sani. Ban ce ya yi ba, labari kawai na ba shi." Ya ɗaga hannunsa na hagu. "Shekara biyun ƙarshe da ka yi kana jifa, ka ɗauka kai ke wannan ƙarar?"

Ƙarya yake. Purvis tun muna samari maƙaryaci ne. Na zuba masa sauran kifin a takarda na ce ya tashi ya bar mini gida.

Ran Lahadi na je coci da hulata, na zauna a gaba inda na saba. Wasu sun yi ƙus-ƙus. Na miƙe na ce yara huɗu ke nan na aika, a nuna mini wanda ya aika ɗaya. Vernita ta zauna can baya, ba ta waiwayo ba.

Ran Litinin na fito da safe ban ga a-kori-kurata ba. Maƙwabcina ya ce Lavon ne ya zo ya ɗauka, da Quentin a gefe da jakarsa, sun nufi filin jirgin Jackson. Da yamma na tarar da motar a inda take, ba ko ɗigon mai a tanki, mabuɗin a kan matakalar baranda. Bai ƙwanƙwasa ba.

Har yau bai shigo ba. Ina ganinsa yana wucewa da yamma in ya taso daga aiki, wani lokaci ya rage gudu daidai shingena. Quentin na kira duk Lahadi, ya ce a can yara masu jifa har rigima suke a kan wa zai cafke musu. Na ce ya gaya musu wanda ya gano shi. Lavon kuwa zai zo. Na jira abubuwan da suka fi wannan daɗewa, kuma ina soya kifin mutum biyu.